Ɗakin da Ke Ƙyalli da Ɗakin da Ke da Tsafta: Yadda Ake Auna Aikin Masu Goge Asibiti

A shekarar 2000 wasu masu bincike a Birtaniya suka wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun bari sai da masu goge-goge suka kammala aikinsu a ɗakin tiyata da ɗakin kwantar da majinyata na wani asibiti, sannan suka bi wuraren da aka goge suna dubawa. Da ido, kashi 82 cikin 100 na wuraren sun ci jarrabawa. Da aka shafo su aka kai ɗakin gwaje-gwaje don a ga yawan ƙwayoyin cutar da za su tsiro, kashi 30 kacal suka tsallake. Da aka gwada su da wata na'ura mai gano ragowar dauɗar da ido ba ya gani, adadin ya sauka zuwa kashi 24. Wuraren ba su canja ba, hannun da ya goge su bai canja ba, amma amsa ta fito kala uku.

Duk rikicin auna aikin tsafta a asibiti yana cikin wannan tazara. A otal, tsaftar da baƙo ya gani ita ce tsafta, magana ta ƙare. A asibiti kuwa, abin da ake gudu ba ya ganuwa, ba ya wari, kuma yana iya kwanciya lumui a kan teburin da ke ƙyalli. Saboda haka idan shugaban asibiti ya ce yana son sanin ko masu goge-goge suna aiki, ya haɗa tambayoyi da dama cikin numfashi ɗaya ba tare da ya sani ba. Shin tsumma ya taɓa wurin ma kuwa? In ya taɓa, ya kwashe dauɗar? Abin da ya rage zai iya cutar da mutum? Kuma a ƙarshe, majinyata sun rage ɗaukar cuta? Kowane ma'auni da ake da shi a yau tambaya ɗaya yake amsawa, da ƙyar biyu. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin hukumar asibiti da 'yan kwangila da ma'aikatan jinya ta samo asali ne daga ɗaukar amsar wata tambaya a liƙa wa wata.

An daɗe ba a damu da wannan awon ba, kuma da dalili. Tun shekarun 1970 hukumomin lafiya a Amurka suka ba asibitoci shawarar su daina shafo bango da ƙasa a kai a kai suna kai wa ɗakin gwaje-gwaje, domin kuɗi ake kashewa ba tare da an ga alaƙar sakamakon da yawan masu kamuwa da cuta ba. A 1982 kuma Dennis Maki da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani lokacin da asibitin Jami'ar Wisconsin ya tashi daga tsohon gini ya koma sabo fil: gini ya sake, amma yawan cututtukan da ake ɗauka a asibitin bai sake ba. Aka fahimci cewa hannun ma'aikata da kayan da ke shiga jikin majinyaci su ne abin lura, shara da guga kuwa kwalliya ce. Daga nan aikin ya faɗa sahun wanki da girki da gadi, sahun da ake fara yanka wa kasafi duk lokacin da aljihu ya yi zafi.

Ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani ne suka dawo da maganar. An gano cewa MRSA, wadda ke jure wa da yawa daga magungunan antibayotik, tana iya rayuwa a kan busasshen wuri daga kwanaki har zuwa watanni. C. difficile, mai haddasa muguwar gudawa, tana dunƙulewa cikin wani ɓawo mai tauri ta yi wata biyar tana jira, kuma ruwan shafa hannu mai barasa ba ya kashe ta a wannan halin. Sai kuma hujjar da ta fi tayar da hankali. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2006 ya nuna cewa wanda aka kwantar a ɗakin da mai ɗauke da MRSA ko VRE (wata ƙwayar cutar mai bijire wa magani) ya bari, haɗarin kamuwarsa ya ƙaru da kusan kashi 40. Wani na 2011 ya nuna haɗarin ya ninka fiye da sau biyu game da C. difficile. Mutanen biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Ɗakin ne ya haɗa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa a cikin majinyata 100 da aka kwantar, bakwai a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su ɗauki wata cuta da ba su zo da ita ba, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu zai rasa ransa. Ba dukansu ne daga datti ba, ko kusa. Amma kason da ya fito daga nan ya isa a auna.

Ma'auni mafi tsufa shi ne ido. Mai duba aiki ya ɗauki takarda ya zagaya: ƙura a saman kabad, tabo a bango, yana a lungu, kwandon shara ya cika ko bai cika ba. Ingila ta tsara wannan hanya sosai. Ƙa'idojin tsafta da hukumar lafiyarta ta fitar a 2021 sun lissafa abubuwa 50 da ake dubawa, suka kasa sassan asibiti gida shida gwargwadon haɗarinsu. Sashen da ya fi haɗari, irin su ɗakin tiyata da na masu jinya mai tsanani, ana duba shi kowane mako kuma ana so ya sami maki 98 cikin 100. Na ƙarshe, kamar ma'ajiyar takardu, sau ɗaya a shekara, maki 75 ya wadatar. Sakamakon kuma akan mayar da shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, a liƙa inda jama'a za su gani.

Ba na raina wannan tsari. Wurin da ido ya ga datti, datti ne, ba sai an kira na'ura ta tabbatar ba, kuma sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki sosai a kan wurin da ba a fara kwashe dauɗarsa ba. Awon ido ba shi da tsada, yana gano abin da sauran ma'aunai ba sa kulawa da shi, kamar katifar da ledarta ta yage ko famfon da ke yoyo. Inda gizo ke saƙa shi ne, ido yana son abu babba mai faɗi. Ƙasan ɗaki, bango, taga, labule. Ƙwayar cuta kuwa hannu take bi, hannu kuma ƙananan wurare yake taɓawa: ƙarfen gefen gado, makunnin fitila, mariƙin ƙofar banɗaki, kan famfo, maɓallin kiran nas, teburin da majinyaci ke jawowa kan gado. Mai gogewa da ya san za a yi masa hukunci da ƙyallin ƙasa, ƙasa zai zuba wa ƙarfinsa, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Sai a tashi da kitso a kan ƙwarƙwata, ga taurari biyar a bakin ƙofa. Ƙari a kan haka, masu duba aiki biyu za su iya shiga ɗaki ɗaya su fito da maki daban, musamman idan ɗayansu ma'aikacin kamfanin da ake aunawa ne.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi araha a cikin sabbin. Wani likita a Amurka, Philip Carling, shi ya yaɗa ta. Ana samun wani ruwa mai kauri wanda in ya bushe ba ya ganuwa, sai an haska shi da tocila mai hasken ultrabayolet. Kafin mai gogewa ya shiga, sai wani ya bi wuraren da hannu ya fi taɓawa ya ɗiɗɗiga musu a ɓoye. Bayan an gama aiki ya dawo da tocilarsa. Inda ɗigon ya ɓace, tsumma ya bi ta nan da ɗan ƙarfi. Inda yake nan yana walƙiya, ba a taɓa wurin ba. Babu gardama, babu "a ganina".

A 2008 Carling da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon asibitoci 36 na Amurka, inda aka ɗiga wa wurare sama da 20,000. Kashi 48 kawai aka goge, kuma wannan a gugar da ake yi bayan an sallami majinyaci ne, wadda ita ce ake ɗauka mafi tsanani. Abin lura shi ne yadda kuskuren ya rarrabu. Wuraren da kowa ya saba ɗauka a matsayin wurin datti, kamar wurin wanke hannu da mazaunin masai, suna samun guga. Makunnin fitila da mariƙin ƙofa da ƙarfen da ake dafawa a banɗaki su ake tsallakewa. Wannan ba siffar lalaci ba ce. Malalaci ba ya zaɓar masai ya wanke ya bar makunni. Siffar mutumin da ba a taɓa gaya masa inda haɗarin yake ba ce. Shaidar haka kuwa, da aka nuna wa ma'aikatan sakamakon, aka koya musu, aka ci gaba da dawo musu da alƙaluma, adadin ya haura zuwa kashi 77, ba tare da an sayo wata na'ura mai tsada ba.

Ɗigon yana da iyakarsa. Yana gaya maka an goge, ba ya gaya maka da me aka goge. Tsumman da aka fito da shi daga banɗaki zai share ɗigon tas, ya kuma bar abin da ya fi ɗigon muni. Kuma duk ranar da ma'aikata suka gane wuraren da ake ɗigawa, ko wani ya sayi 'yar tocilarsa ya sa a aljihu, to an koma farautar ɗigo, an bar guga. Shi ya sa masu amfani da dabarar da hankali suke sauya wuraren, suke kuma ba wanda ba ya cikin sashen aikin ɗigawa.

Na'urar da aka ambata a farko, wadda ta ba da kashi 24, daga masana'antar sarrafa abinci aka aro ta. Duk wani abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira ATP. Ana shafo wuri da ɗan tsinke mai auduga, a jefa shi cikin ruwan da ke ɗauke da sinadarin da ke sa maƙesu walƙiya da dare. In akwai ATP, ruwan zai ba da haske, na'ura ta auna hasken ta fito da lamba cikin 'yan daƙiƙu. Saurin nan shi ne farin jininta: ana iya nuna wa mai gogewa lambar nan take, ya sake gogewa, ya ga ta sauka da idonsa. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar lambar a matsayin yawan ƙwayoyin cuta, alhali ba haka ba ne. Ɗigon madara ko gumin hannu zai iya harba lambar sama ba tare da wata cuta a wurin ba. Ƙwayar bairos ba ta da ATP, don haka na'urar ba ta ganinta sam. Ragowar ruwan kulorin yana iya rikita sakamakon. Uwa uba, lambar na'urar wani kamfani ba ta daidai da ta wani, kuma babu iyaka guda da aka amince da ita: wani asibiti ya ce 100 ce iyakar tsafta, wani 250, wani 500. Asibitin da ya sa wannan lamba cikin yarjejeniyar kwangila ba tare da ya faɗi irin na'urar da wurin da za a shafo ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Shafo wuri a kai ɗakin gwaje-gwaje shi ne ya fi kusa da ainihin tambayar. Ana danna ɗan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta a kan wurin, a ajiye shi cikin ɗumi, bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙirga gungun da suka tsiro. A 2004 Stephanie Dancer, masaniyar ƙwayoyin cuta a Sikotland, ta ba da shawarar a kafa wa asibitoci mizani irin na masu sarrafa abinci: kada a wuce gungu biyar a kowane murabba'in santimita na wurin da hannu ke taɓawa, kuma kada a sami irin su MRSA. Daga baya masu bincike da yawa suka koma amfani da 2.5. Hanya ce mai tsada da jinkiri. Kafin sakamako ya fito an kwantar da wani a gadon, wataƙila har an sallame shi. Ta fi amfani lokacin da cuta ta ɓarke ana neman maɓoyarta, ko lokacin da ake son gwada sabon sinadari.

To me zai hana a bar duk waɗannan a tafi kai tsaye ga abin da ake nema, wato a ƙirga masu kamuwa da cuta? Tambaya ce mai kyau, kuma shugabannin asibiti suna son ta domin tana kama da adalci: in cuta ta ragu kun yi aiki, in ta ƙaru kun gaza. Amma cutar da majinyaci ya ɗauka tana da iyaye da yawa. Akwai wanke hannun likita da nas, akwai yadda ake rubuta antibayotik, akwai robar fitsari da allurar ƙarin ruwa da aka bari suka daɗe, akwai cunkoson gadaje, akwai raunin jikin majinyacin kansa. A ɗora wa mai tsumma alhakin wannan duka, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sannan akwai matsalar lissafi. A sashe guda, masu kamuwa da wata cuta takamaimai ba su da yawa a wata. In bara mutum biyu ne bana huɗu, a takarda an ce ta ninka, alhali yana iya zama sa'a ce kawai ta juya.

Domin a ga tasirin guga a kan cuta a fili, sai an yi gagarumin aiki. A Ostireliya an yi wani gwaji mai suna REACH a asibitoci 11, aka wallafa shi a 2019. An haɗa abubuwa biyar: horo, dabarar guga, sinadarin da ya dace, dubawa da ɗigon nan mai walƙiya, da kyautata sadarwa tsakanin masu goge-goge da sauran ma'aikata. Gugar wuraren da hannu ke taɓawa ta tashi daga kashi 55 zuwa 76 a banɗakuna, daga 64 zuwa 86 a ɗakunan kwana. Cutar VRE ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Sauran cututtuka biyun da aka bibiya kuwa ba su nuna canjin da za a kafa hujja da shi ba. Asibitoci 11 ke nan, da masana lissafi a gefe. Ina ga sashe ɗaya da ke son yanke wa ma'aikata uku hukunci da alƙaluman wata guda?

Gwajin da Dancer ta wallafa a 2009 ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya taɓo inda ke yi wa masu kasafi ciwo. Mutum ɗaya tak aka ƙara, mai gogewa, yana aiki Litinin zuwa Juma'a, wata shida a wani sashen tiyata, wata shida a wani, aikinsa wuraren da hannu ke taɓawa. Ƙwayoyin cuta a wuraren suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, sabbin masu kamuwa da MRSA suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a canja sinadari ba, ba a kawo na'ura ba. Lokaci aka ƙara.

A nan ne, a ganina, yawancin tsare-tsaren awo suke kauce hanya. Suna auna hannun da ke riƙe da tsumma, su manta da wanda ya yanke yawan mintunan da hannun zai samu. Ɗauki misali: mace ɗaya, gadaje 30, banɗakuna, baranda, ofishin nas, aikin awa takwas. Cire lokacin hutu, da ɗebo ruwa da haɗa sinadari, da kwashe shara, da kiran gaggawa in wani ya yi amai ko jini ya zuba. Abin da zai rage wa kowane gado bai fi 'yan mintuna ba. Sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kuma yana da lokacin da dole ya zauna a jiƙe a kan wuri kafin ya yi aiki. In an shafa an share nan take, an yi wanka ne da kayan jiki. Ga kuma nas a tsaye a bakin ƙofa tana jiran gado, domin ita ma ana auna ta da saurin karɓar sabon majinyaci. Ma'auni biyu na asibiti ɗaya suna jan mutum ɗaya ta fuska biyu, kuma kowa ya san wanda ke rinjaye. Rahoton da hukumar sa ido kan asibitocin Ingila ta fitar a 2007 game da ɓarkewar C. difficile a asibitocin Maidstone da Tunbridge Wells, inda aka danganta mutuwar mutum kusan 90 da cutar, ya nuna hukumar gudanarwa da hankalinta ya tafi ga cike giɓin kuɗi da cimma alƙaluman da gwamnati ta gindaya, yayin da gadaje suka cushe, ma'aikatan jinya suka yi ƙaranci, tsafta ta taɓarɓare.

Maganar kwangila ma nan ta shigo. Tun 1983 aka fara tilasta wa asibitocin Ingila su fitar da aikin shara da guga kasuwa, wanda ya fi araha ya ɗauka. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba hukumomin asibiti 126 tsakanin 2010 da 2014, ya gano cewa inda aka ba 'yan kwangila aikin, MRSA da ke shiga jini ta kai 2.28 a kowane kwana 100,000 da majinyata suka yi a gadon asibiti, inda kuma ma'aikatan asibitin ke yi da kansu 1.46. Wuraren 'yan kwangilar sun fi araha, kuma masu goge-gogensu sun fi ƙaranci in aka kwatanta da yawan gadaje. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa kwangila ce sanadi, kuma akwai kamfanonin da ke aiki tsakani da Allah. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, ɗan kwangila abin da aka rubuta za a biya shi a kai shi yake kawowa. In yarjejeniya ta ce murabba'in mita kaza a awa da maki kaza na ido, su za a samu, ba ƙari. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake tilasta wa mutane su cimma. Takardar da ake liƙawa bayan ƙofar banɗaki, wadda ake sa wa hannu duk awa, ita ce ƙaramin misalin da kowa ya sani: sau nawa aka ga an cike layukan yini guda da biro ɗaya, a zama ɗaya?

Akwai kuma kayan da ba su da uwa ba su da uba. Na'urar awon hawan jini da ke yawo daga hannu zuwa hannu, sandar rataya ledar ƙarin ruwa, keken tura majinyaci, kujerar bahaya, kwamfutar da ake turawa gado-gado. Mai gogewa yana jin tsoron taɓa su don an ce masa kayan likitoci ne, kada ya ɓata. Nas tana ganin guga ba aikinta ba ne, ko kuma tana da majinyata goma da ke jiranta. Takardar duba aikin kamfani ba ta lissafa su ba tunda ba sa cikin kwangila. Sai ya zama abin da ya fi kowane abu yawo tsakanin majinyata shi ne ba mai auna tsaftarsa. Ƙa'idojin Ingila na 2021 sun nemi kowane asibiti ya rubuta, abu bayan abu, wanda ke da alhakin goge shi, kuma a ganina wannan jadawalin ya fi taurarin bakin ƙofa amfani nesa ba kusa ba. A 2024 aka wallafa wani gwaji daga Ostireliya mai suna CLEEN, a sassa goma na asibiti ɗaya, inda aka ware awa uku a kowace ranar aiki don goge irin waɗannan kaya kawai, tare da horo da dubawa. Cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A wuraren da ba a da na'urar ATP ko ɗakin gwaje-gwaje mai ƙarfi, awon yana farawa ne daga ƙasa sosai, kuma ba abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, a shirinsu na bibiyar ruwa da tsafta a cibiyoyin lafiya, tambaya biyu kawai suke yi kafin su ce cibiya ta kai matakin farko: akwai rubutacciyar ƙa'idar guga? Kuma duk masu aikin sun sami horo? Ko wannan ɗin, a rahotonsu na 2022, ƙasashen da ke da alƙaluma ba su kai yawan da za a fitar da ƙiyasin duniya ba. A irin wannan hali, tambayar ko akwai ruwa a famfo yau, ko an haɗa kulorin daidai gwargwado, ko tsumman banɗaki daban yake da na gefen gado, ko mai gogewa tana da safar hannu, ta fi kowace lambar na'ura faɗin gaskiya. Kuma duk waɗannan tambayoyi ofis ake yi wa su, ba mai riƙe da bokiti ba.

Ra'ayin majinyata da masu jinyarsu ma ana tambaya, kuma ya kamata. Su ne ke kwana a ɗakin, su ke ganin banɗaki da ƙarfe biyun dare lokacin da mai duba aiki yake barci a gidansa. Sai dai su ma da ido da hanci suke aunawa, kuma ƙanshin sinadari yakan sa mutum ya ba da maki.

Idan aka tara duk wannan, asibitin da ke son sanin gaskiya ba shi da zaɓi illa ya haɗa ma'aunai, yana sane da makantar kowanne: ido don abin da ke fili da gyaran gini, ɗigo mai walƙiya don wuraren hannu, ATP don koyarwa, faranti don ranar ɓarkewar cuta, alƙaluman kamuwa kuma a duba su a tsawon shekara a matsayin na asibiti gaba ɗaya. Abin da ya fi zaɓin ma'auni wuya shi ne abin da ake yi da sakamakon. In aka tara shi a fayil sai ƙarshen wata a kira taro a karanta sunayen waɗanda suka faɗi, ma'aikata za su koyi ɓoye kuskure da farautar ɗigo. A gwaje-gwajen da alƙaluma suka tashi, sakamakon yana komawa ga masu aikin ne da kansu, a kai a kai, a matsayin koyarwa. Mai duba aiki ya kira wadda ta goge ɗakin tun ba ta tashi ba, ya rage hasken ɗakin, ya haska mata makunnin da ke walƙiya, sannan ya tambaye ta abin da ya faru. Wani lokaci za ta ce mantawa ta yi. Wani lokaci za ta ce ba a taɓa gaya mata makunni yana cikin aikinta ba, ko tsummanta masu tsafta sun ƙare tun gado na goma sha biyu, ko an shigo da sabon majinyaci tana tsakiyar aiki aka ce ta fita.